Rular Malam Sifili

Ba iyayensa suka raɗa masa Sifili ba, ɗalibai ne, kuma ba su zalunce shi ba. Ya shekara ashirin da biyu yana koyar da Fiziks a makarantar sakandare guda, a ɗakin gwaji guda mai taga shida, biyu babu gilashi, kuma duk makarantar ba wanda ya kai shi iya zana wa yaro ƙwai da jan biro. Babba yake zana shi, ya cinye rabin shafi, sannan ya ja masa layi biyu a ƙasa don kada uban wani ya zaci hannunsa ne ya goce. Siririn mutum ne, tafiyarsa a karkace, kullum yana tura wa mai magana kunnen dama, domin na hagu ya daɗe da mutuwa.

Yayansa ne ya kashe masa kunnen. Yana ɗan shekara tara ubansu ya rasu, riƙonsa ya koma hannun Yaya, mai walda, wanda ya ba shi shekara goma sha biyu. Shagon rumfar kwano ce a bakin titi, tulin ƙarafa a gaba, teburin ƙarfe a tsakiya, inji a lungu yana gurnani tun safe. Yaya gwani ne, ƙofar da ya haɗa sai dai ginin ya rushe ya bar ta a tsaye, amma bai iya koyarwa da baki ba. Ka miƙo masa sifana mai lamba goma maimakon sha biyu, mari. Ka kalli wutar walda ido tsirara, mari, wai don ya cece maka ido. Ranar da yaron ya yanko rodi ya gaza da faɗin yatsa guda, Yaya ya ɗauke shi da wani irin mari da ya wurga shi cikin tulin ƙarafa. Ya tashi jini na bin wuyansa daga kunne. Ba wanda ya kai shi asibiti, aka ce yaro ne, zai warke.

Sai dai in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka, Yayan nan ne ya tsaya kai da fata sai ƙanensa ya yi karatu. Da safe makaranta, da yamma shago, in ya zo na uku a aji a tambaye shi su wa suka haifi na ɗaya da na biyu, sannan ya ci na jaki. Haka ya yi ta hawa aji da tabo a gadon baya har ya fito malami. Ranar da ya fara riƙe alli ya yi wa kansa alkawarin ba zai taɓa dukan ɗan kowa ba, kuma ya cika. A makarantar da kowane malami ke yawo da bulala a hammata, shi biro kawai yake sawa a aljihu. Yana ji da wannan ƙwarai, har yakan ce wa matarsa shi bai gaji hannun gidansu ba. Ita kuwa sai ta yi murmushi ta ci gaba da abin da take yi.

Kowane mako 'yan ajin ƙarshe sukan yi gwaji ɗaya su rubuta rahoto, shi kuma ya duba a kan maki ashirin. Manufar gwaji da jerin kayan aiki maki biyu ne, wannan ko rago ya samu. Bayanin yadda aka yi, uku. Jadawalin awo biyar, kuma a nan ake fara kuka, domin in ka rubuta tsawo arba'in ba ka ce santimita ba, sai ya tambaye ka a gefen takarda ko awaki arba'in kake nufi. In ka auna sau ɗaya ka wuce, ya zabge rabi. Zanen giraf ma biyar ne, yana son fensir mai tsini da layi ɗaya siriri da ya ratsa tsakanin ɗigo, ba wanda ya bi su ɗaya-ɗaya kamar hanyar tururuwa ba. Lissafi biyu. Ukun ƙarshe na sashen kurakurai ne, inda ɗalibi zai faɗi abin da ya hana awonsa zama daidai cif, kuma wannan sashe shi ne ɗan lelen Sifili. Makin rahotannin nan ana tarawa a haɗa da na jarrabawar gwaji ta ƙarshen shekara, su ne ke buɗe wa yaro ƙofar jami'a ko su rufe ta.

Ciwon makarantar kuwa kwafa ne. Akwai rahotannin da aka yi ta gado daga yayye zuwa ƙanne har takardar ta yi laushi kamar tsumma, alƙaluman ciki tsaf yadda littafi ya ce. Yaro zai shigo ɗakin gwaji ya yi wasa da zare na awa guda, ya koma gida ya juye gadon. Dokar makaranta ta ce wanda aka kama da kwafa sifili ne, da wasiƙa zuwa ga uba, ya sa hannu a dawo da ita. Kamawar ce wuya, har ranar da Sifili ya tuna yana da zarto.

Ya kulle kansa a ɗakin gwaji, ya ɗauko dogayen rulolin katako biyar da makarantar ta mallaka, ya yanke wa kowace santimita uku daga baki, ya goga wa wurin baƙin mai har ya yi kama da tsufa. Ga abin da ya hango. A gwajin lilo ana ɗaure ɗan dunƙulen ƙarfe da zare, a rataye, a auna tsawon zaren, a sake shi ya yi ta kai-komo ana duba agogo. A canza tsawon sau shida, a yi ɗan lissafi, a ɗiga sakamakon a takardar giraf, a ja layi. A littafi, layin daga kusurwar takarda yake tasowa. Amma da guntuwar rula, duk tsawon da ka karanta ya ɗara na gaskiya da uku, don haka dole layinka ya kauce wa kusurwar. Wanda ya yi aiki da hannunsa layinsa zai kauce, wanda ya juye gado layinsa zai bi ta kusurwa ɗoɗar. Kallo ɗaya ya ishe shi. Yara kuwa ba sa duba bakin rula, dangwala ta kawai suke yi su karanta ƙasa. A duk shekarun nan ɗalibai huɗu ne suka lura, dukansu suka rubuta a sashen kurakurai, ya ba su maki uku cif ya roƙe su su riƙe bakinsu.

Tarkon ya kama, kuma ya jawo masa abin da ya jawo. Wani direban babbar mota ya taɓa shigowa har ofishin malamai da wasiƙar a dunƙule a hannu, ko sallama babu ya kai masa naushi a baki, tabarau ya tarwatse, haƙori ɗaya ya tafi. Wata shekarar yara suka laɓe masa a bayan katanga lokacin tashi, suka yi masa ruwan duwatsu, sai da aka yi masa ɗinki bakwai a ƙeya. Washegari ya shigo aji kai naɗe da bandeji, ya raba rahotanni, ƙwai goma sha huɗu, ko ɗaya bai rage ba. Daga nan ya fara ɗaukar kansa mutumin da hukuncinsa ba ya gocewa, kuma abin haushin ke nan. Yana raba maki uku don yaro ya amsa kuskurensa, amma shi bai taɓa zama ya duba nasa ba.

A shekara ta ashirin da biyu ɗan Yaya ya iso ajin ƙarshe, shi kaɗai ne namiji a gidan. Dogo ake ce masa, saurayi ɗan sha takwas, shiru-shiru, bayan hannunsa duk ɗigon ƙunar tartsatsi. A gida Baffa yake ce wa Sifili, a makaranta Malam. Yaya ya tsufa amma hannunsa bai tsufa ba, sai ma ya ƙaro guntun wayar walda mai kauri da yake ratayewa a ƙusa. Sharaɗinsa a kan Dogo kowa a dangi ya haddace shi: in ya ci, ya wuce ya karanta injiniya, in ya faɗi, ga shago, ba maimaici. Dogo kuwa babu abin da yake so a duniya kamar ya bar rumfar nan. Sifili ma haka yake so masa har cikin ransa, domin yana son yaron fiye da yadda zai iya faɗa. Amma a makaranta ko murmushi bai taɓa yi masa ba, don kada a ce yana son kai.

Saura mako uku jarrabawar ƙarshe ya sa su maimaita gwajin lilo. Bayan an tashi ya zauna da tulin rahotanni, rana na dukan kwano, yana buɗewa kai tsaye zuwa shafin giraf kamar yadda ya saba. Ya zana ƙwai goma sha ɗaya. Sai ya buɗe na Dogo. Rubutu tsaf, jadawali cike, kowane awo sau uku, ɗigo shida a jere, layin kuwa ya taso daga kusurwa kamar an ɗauko shi daga littafi. Ya juya sashen kurakurai da sauri. Jimla ɗaya ce, wai an rufe taga saboda iska.

Ya san wayar da ke rataye a ƙusa, ya san abin da kalmar kwafa za ta zama a kunnen Yaya, mutumin da ko ƙusar wani bai taɓa ɗauka ba. Ya ajiye biro, ya zagaya ɗakin, ya dawo. Da ya so, da ya kira yaron gefe ya tambaye shi, maganar minti biyu ce. Amma sha ɗayan can ya tambaye su? In ya tambayi ɗan ɗan'uwansa kaɗai, da wane ido zai kalli direban da ya cire masa haƙori? Ƙarƙashin duk wannan kuma akwai fushi, fushin wanda ya sa rai aka watsa masa ƙasa a ido. Ya ɗauki biro ya zana, ya ja layi biyu.

Washegari da aka raba, Dogo ya daɗe yana kallon takardarsa, sannan ya miƙe.

"Malam, ni na yi wannan."

"Zauna."

"Wallahi da hannuna na yi. Ga teburin da na tsaya can."

"Duk wanda ya samu irin naka da hannunsa ya yi. Ko ka taɓa ganin an kwafa da ƙafa?" Aji ya kwashe da dariya. Sifili ya miƙa masa wasiƙar. "Gobe in gan ta da sa hannun mahaifinka."

Dogo ya karɓa, ya rage murya.

"Baffa, ka san abin da zai yi min."

A gefen hagu ya faɗa. Sifili ya gane sarai, domin tun yana yaro ya iya karanta baki, amma ya bar mataccen kunne ya ɗauki laifin. Ya juya ga allo.

Niyyarsa ya riga yaron zuwa shago, ya tausasa maganar, ya ce ƙuruciya ce. Aka tashi ƙarfe biyu. Ya tsaya jera agogo a kabad, ya tsaya naɗe zare, ya goge allon da yake a goge. Gaskiyar magana, ya kusa shekara hamsin a duniya, amma har yanzu tsoron zuwa rumfar nan yake yi. Sai wajen ƙarfe uku ya hau babur.

Tun daga nesa ya hango mutane sun yi cirko-cirko a bakin titi, mai faci da kanikawan makwabta da masu wucewa, ba wanda ya shiga. Uwar Dogo ta fito daga gidan da ke bayan shagon tana kururuwa, mata biyu sun riƙe ta. A ciki Dogo na ƙasa tsakanin ƙarafa, rigar makaranta ta tsage a baya, wayar ta kwanta masa sahu-sahu, wasu wuraren sun fashe. Ba ya kuka, ya dunƙule kawai ya rufe kai. Yaya ya yar da wayar, ya kamo hannunsa na dama, ya ja shi har teburin ƙarfe, ya shimfiɗa hannun a kai kamar rodin da zai yanka.

"Wannan ne ya yi satar?"

"Baba, ban yi ba."

"Ƙanena ne zai yi maka ƙarya?"

Ya ɗauki guntun bututun ƙarfe. Sifili ya yar da babur bai kafe shi ba, ya kutsa cikin mutane yana kiran Yaya, amma ya makara da taku uku. Ko da kunne ɗaya ya ji ƙarar, kamar an taka busasshen ice. Sai a lokacin Dogo ya ƙwalla ihu, ihu ɗaya dogo wanda bai yi kama da muryarsa ba.

Abin da ya biyo baya Sifili bai taɓa iya jera shi daidai ba. Ya san ya faɗa wa Yaya da ka, sun zube tare kan tulin ƙarafa. Ya san Yaya ya juya shi kamar buhu, ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya shiga zuba masa naushi a fuska, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai aikin da ya saba. Bakinsa ya cika da jini. Hannunsa ya lalubo wani ƙarfe mai kaifin gefe, ya ɗaga ya maka wa Yaya a goshi da duk abin da ya tara tun yana ɗan shekara tara. Fatar ta tsage har gira, jini ya rufe wa Yaya ido. Ya ɗaga zai ƙara, kuma da ya ƙara ɗin, ba don mai faci ya riƙe ƙarfen ta baya ba. Malamin da bai taɓa dukan kowa ba, sai da maza huɗu suka ɓamɓare shi.

Yaya ya zauna a ƙasa yana haki, yana share jini da gefen riga.

"Kai ka rubuto min ɗana ɓarawo ne," ya ce. "Da sa hannunka, da hatimin makaranta. Yanzu kuma ka zo ka fasa min kai a shagona. Me kake so in yi da ɓarawo, in goya shi?"

Sifili da mai faci suka ɗaga Dogo, suka tsayar da mota.

A asibiti hoto ya nuna yatsu biyu sun karye, da ƙasusuwa biyu na bayan hannu. Likita ya ce za a naɗe hannun da farin simintin ɗori na mako shida. Suna zaune a benci a baranda suna jiran kira, Dogo ya rungume hannun a ƙirji, shi kuma leɓensa ya kumbura sumtum, a nan Sifili ya yi tambayar da ya kamata ya yi tun jiya.

"Faɗa min yadda ka auna zaren."

"Yadda ake awo."

"Daga ina ka fara?"

"Daga goma." Dogo bai ɗago ba. "Bakin rular ya ci, ai ba a yarda da baki. Sai ka ɗora goma a farkon zaren, in ka karanta ka cire goma."

Ya faɗe shi kamar abin da kowa ya sani. Wannan ai karatun farko ne a shagon Yaya. Bakin tef ɗin awo yana lanƙwasa, yana ci, don haka mai walda daga goma yake fara awo. Da mari aka koya masa, da mari aka koya wa Dogo, yaron ya riƙe, shi kuwa ya je ya yi digiri ya manta. Duk wanda ya fara daga goma yankan zarto bai shafe shi ba, dole layinsa ya bi ta kusurwa, domin awonsa gaskiya ne. Sai a lokacin ya fara tunanin 'ya'yan kafintoci da teloli da magina nawa ne suka ratsa ajinsa a shekara ashirin da biyu.

"Me ya hana ka rubuta a sashen kurakurai?"

"Ba kuskure ba ne, Malam. Na gyara shi tun kafin in fara."

Duk abin da mutum zai iya yi bayan ɓarna ta auku, Sifili ya yi. Ya tsaya gaban aji da kumburarriyar fuska, ya ɗaga rula ya nuna musu yankan, ya ce ya zalunci Dogo, ya soke ƙwan ya rubuta sha tara. Ko a ranar sai da ya riƙe maki ɗaya, wai ba a bayyana hanyar awo ba, hali dai. Nan take sha ɗayan nan suka rantse su ma daga goma suka fara. Ya je wurin shugaban makaranta suka rubuta wa hukumar jarrabawa. Amsa ta zo cikin mako: a takardun rubutu za a ba yaron mai rubuta masa, amma jarrabawar gwaji hannun ɗalibi take aunawa, dole ya haɗa kayan da kansa, ya auna da kansa, ya zana da kansa.

Sifili ya koma shago. Yaya na tsugune da filasta a goshi yana haɗa ƙofa. Sifili ya tsaya daga bakin rumfa ya faɗa masa komai, bai rage ba. Yaya ya kashe inji.

"Daga goma ya fara?"

"Daga goma."

"To ni na koya masa."

"Yaya, don Allah, in bai samu ba bana, ka bar shi ya maimaita."

Yaya ya sauke gilashin walda ya rufe fuska, amma bai kunna injin ba. Daga bayan gilashin ya yi magana.

"Ka san ba na magana biyu. Kai ma ai ba ka yi. Tafi, kar in sake ganin ƙafarka a nan."

Ranar jarrabawar gwaji Sifili ne ya jera kayan tun da safe, domin aikin malamin Fiziks ne. Hukuma ta aiko da sababbin ruloli, cikakku. Bayan ya jera, nasa shi ne ya tsaya jikin bangon baya, in wani abu ya lalace ya canza, ba magana, ba taɓa aikin kowa. Mai sa ido wata malama ce daga wata makarantar, ta kwance agogonta ta ajiye a kan tebur, ta ce suna da awa ɗaya. Aka buɗe takarda. Gwajin lilo ne, kuma umarnin farko a ɗaure dunƙulen ƙarfe da zare.

Dogo ya danne dunƙulen da simintin hannunsa, ya zura zaren da hagu, ya kama bakin da haƙori, ya ja. Dunƙulen ya suɓuce, ya faɗi, ya gangara har ƙarƙashin tebur na uku. Ya rarrafa ya ɗauko. Ya sake gwadawa, ya sake faɗuwa. Kewaye da shi lilo talatin na kai-komo, agogo na ƙyas-ƙyas, fensira na gudu a takarda. Zufa ta jiƙa masa riga har tabon wayar ya fito ta cikin yadi. Zaren ya yanka masa dasashi, ya koma ja. Minti ashirin suka tafi a haka.

Sifili bai san lokacin da ya bar bangon ba. Ya dai ga kansa a gaban teburin, hannunsa a miƙe zuwa ga zaren. Ƙulli ɗaya ne, aikin daƙiƙa biyar, in korarsa za a yi daga aiki a kore shi.

Dogo ya maka wa hannun Sifili simintin da ƙarfi, har ƙarar ta sa duk ɗakin ya waiwayo. Zafin ya koma wa karayarsa, ya runtse ido, ya dafa tebur. Sannan ya saki zaren daga baki.

"Kar ka taɓa min," ya ce a hankali. "Sai a ce ba ni na yi ba."

Mai sa ido ta ɗago kai.

"Malam, akwai abin da za a canza ne?"

"Babu," in ji Sifili. Ya koma jikin bango ya haɗa hannuwansa a baya.

Sai bayan rabin awa ƙullin ya kama. Dogo ya rataye lilon, ya auna da hagu, ya danna agogo da hagu, ya rubuta alƙaluma manya karkatattu kamar na ɗan aji ɗaya, kuma kowane awo sai da ya maimaita shi sau uku, bai yarda ya tsallake ba. Da aka ce a ajiye biro, layi uku ne a jadawalinsa cikin shida, takardar giraf kuwa fara tas. Ba sai an jira sakamako ba. Sifili ya fi kowa sanin makin da ke kan irin wannan takarda, ya riga ya haɗa shi daga inda yake tsaye, kuma bai kai ba. Dogo ya miƙa takardar ya fita, bai kalli bangon baya ba. Daga makon da aka kwance simintin, kullum tun safe yana shago.

Da ɗakin ya watse a ranar, Sifili ya bi tebur-tebur yana kwance zare yana mayar da dunƙulen ƙarfe cikin kwali, kamar kowace shekara. A teburin Dogo zaren a jiƙe yake, ja har kusan kamu guda. Ya sa farce, ya sa haƙori, ƙullin ya ƙi kwancewa. Ya daɗe a tsaye da shi a hannu, har mai shara ta leƙo ta tambaye shi ko za ta iya shigowa.